Layin da Ba a Ba Komai: Shekara Goma Sha Ɗaya Bayan Malam Haladu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Haladu makwancinsa. A farkon damina ne, ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan je gidansa a Ƙofar Wambai in gai da iyalinsa, mu yi masa addu'a, in kama hanyar gida. Bana abin ya zo mini da wani nauyi daban, shi ya sa na ɗauki biro. Ban daɗe da iya rubutu ba, shekarata huɗu ke nan a ajin yaƙi da jahilci, don haka mai karatu ya yi haƙuri in ya ga ina tafiyar hawainiya. Akwai wani bawan Allah da aka ɗora wa laifin da ba nasa ba. Yana raye, ya tsufa, kuma ina so a wanke shi tun yana iya ji da kunnensa.

Sunana Buba. Iyayena makiyaya ne da suka zauna a Tirwun bayan shanu sun ragu, a can na girma ina bin 'yan awakin da suka saura. Da na yi aure na sami aikin shara da wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a nan Bauchi. A nan na haɗu da Malam Haladu, malamin ilimin halittu. Kakansa daga Barno ya zo, don haka tun ranar farko da ya ji ni Bafulatani ne ya ce ai Allah ya kawo masa bawansa har ofis. Na ce masa a ina aka taɓa jin Babarbare ya mallaki ɗan Fulani, sai dai in duniya ta tashi. Daga wannan wasa muka ƙulla. Ya girme ni da shekara kusan goma, yana da karatu ni ba ni da ko baƙi ɗaya na boko, amma bai taɓa cin abinci ina wurin bai ce in wanke hannu ba. Shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba.

Aikin da ya fi ba zuciyarsa shi ne na talibambam, wato 'ya'yan kwaɗin nan masu wutsiya da ke yawo a ruwa kamar ƙananan kifaye. A kansu yake neman digirinsa na uku. Da zarar an yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku sai mu ɗauki bokiti da rariya mu nufi kududdufan bayan Tirwun neman ƙwan kwaɗi, waɗanda suke kamar baƙar tsakiyar ado da aka zura a zare mai yauƙi. Yakan naɗe wando har gwiwa ya shiga da kansa. Manoma su tsaya da fartanya a kafaɗa suna kallo. Wani tsoho ya taɓa tambayata a asirce ko abokin nawa lafiyarsa ƙalau, don ya ji an ce karatu in ya yi yawa yakan taɓa kai. Da na gaya wa Malam ya yi dariya har ya kusa zubar da bokitin, ya ce in gaya wa tsohon ai tuni ya taɓa.

Wata rana ya tambaye ni ina wutsiyar talibambam take zuwa idan ya zama kwaɗo. Na ce faɗuwa take yi, kamar ta ƙadangare. Ya ce to na taɓa ganin wutsiya ko ɗaya a ƙasan kwalba da nake wankewa? Na ce ban taɓa gani ba. Ya ce ba faɗuwa take ba, narkewa take yi daga ciki, jiki ya shanye abinsa, babu jini, babu tabo. Ya tuna mini farin abin nan da ke riƙe tsoka in ana fiɗa, wanda ke sa romon ƙafar saniya ya yi danƙo in ya huce. Ya ce irinsa ne ya ɗaure wutsiyar, kuma irinsa ne ya ɗaure jikina da nasa. Akwai wani ruwa da wani ƙullutu a maƙogwaro ke fitarwa, shi ke ba da umarni a kwance wannan ɗauri. Akwai kuma wani, irin wanda ke kawo wa saniya nono, da ake zaton yana ƙara wa ɗaurin kauri, yana hana wutsiyar tafiya da wuri. Ya ce in mutane suka gane yadda jiki ke kwancewa da ɗaurewa da kansa, wataƙila wata rana a taimaki mai tabon ƙuna da fata ta janye masa hannu. Na gyaɗa kai. Rabin maganar na gane, rabin na bar wa masu ita.

Kwalaben layi uku ne a kan dogon teburi. Ya liƙa musu takardu da rubutu, amma da yake ya san ba na karatu sai ya ɗaura wa kowace zare a wuya. Masu jan zare yana ɗiga musu ruwan maƙogwaro, masu shuɗi yana ɗiga musu na nono, masu fari kuwa ba a sa musu komai. Aikina in canja ruwa, in ba kowace kwalba dafaffen alayyafo daidai wa daida, in tsame wanda ya mutu in ajiye masa. Shi kuma kullum da safe ya zo da rula da ɗan sikeli ya auna wutsiyoyi ya rubuta. Na tambaye shi me ya sa aka bar masu farin zare haka nan. Ya ce: "Su ne shaidu, Buba. Kada a ba su magani ko kaɗan." Na ɗauka wani wasan nasa ne na Barebari. Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake bayani ba, don a ganinsa magana ta fita sarai.

A nan ne tarbiyyar gidanmu ta shigo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da ƙa'ida biyu a kan dabbar da aka tsare. Ta ɗaya, duk dabbar da ka hana yawo to gishirinta da kanwarta suna wuyanka, don da ka bar ta da ta nemo da kanta. Ta biyu, ba a ba wata a bar wata tana kallo. Na ga yadda ya taɓa tsawata wa yayana don ya ba saniya ɗaya kanwa a gaban sauran. To ga halittun Allah mun kwaso su daga kududdufinsu mun tsare a kwalba, layi biyu ana ɗiga musu abu mai tsada da aka kawo daga nesa, layi ɗaya an bar su da ganye kawai. Abin ya tsaya mini a rai. Malam ya ce kada a ba su magani, ni kuwa a wurina gishiri ba magani ba ne, haƙƙi ne. Sai na fara zuwa da ɗan ƙullin gishirin miya a aljihu. In na canja ruwa sai in ɗiba tsakanin yatsa biyu in barbaɗa wa masu farin zare. Ba kullum ba, ba kuma kowace kwalba ba, na fi ba waɗanda na ga kamar sun yi laushi. Ranar da babu gishiri sai in murje 'yar kanwa. Ban ɓoye don tsoro ba. Ban dai ga abin faɗa a ciki ba, kamar yadda mutum ba ya zuwa ya ba da labarin ya kori ƙuda.

Damina uku muka yi a haka. Kowace shekara masu jan zare su yi abin da ake zato, masu shuɗi su yi nasu, amma masu fari su rikice. Wasu wutsiyarsu ta tafi da wuri har su kusa kamo masu ja, wasu su kumbura, wasu su mutu, wasu kuma su zauna lafiya lau. Kwalba biyu a jere, ruwa ɗaya, ganye ɗaya, amma kowace da halinta. Malam ya canja ruwan famfo zuwa na rijiya, ya koma na sama. Ya sake kwalabe. Ya kai har shi da kansa yake wanke su, ni ina tsaye ina miƙa masa, ƙullina yana aljihu. Na ga yadda mutumin nan mai yawan dariya ya koma zama a gaban teburi ya dafe kai. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma saboda tausayin na ƙara kula da masu farin zaren, don na lura su ne ke ba shi baƙin ciki. Garin gyaran gira ake rasa ido, amma mai gyaran ya fi kowa rashin sanin abin da hannunsa ke yi.

A damina ta uku Malam ya tambaye ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ko akwai wanda ke shiga ɗakin in ba ya nan. Na faɗa masa gaskiya: Malam Danlami yakan shigo ya ɗauki kayansa a firji. Malam Danlami abokin aikinsa ne, mutumin wajen Dass, shi ke riƙe da makulli na biyu. Tare suke cin masa da miya a lokacin hutu, kuma a wannan shekarar su biyun suna neman ƙarin girma ɗaya. Na amsa tambayar da aka yi mini ba tare da ƙari ko ragi ba, kuma ko a mafarki bai zo mini ba cewa ni ake nema. Har yau in na tuna wannan amsa sai in rasa inda zan ajiye ta. Ba ƙarya ba ce, amma ban san ƙaryar da za ta yi ɓarnar da ta yi ba.

Masu duba aikinsa suka ce ba za a iya gina komai a kan abin da ya samu ba, tunda shaidun sun ƙi magana da baki ɗaya. Wa'adinsa ya cika, digiri bai samu ba, ƙarin girman ya tafi wurin Malam Danlami. Malam Haladu bai taɓa buɗe baki a gaban jama'a ya zargi kowa ba, yakan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma cin masa tare ya tsaya, gaisuwa ta koma ta nesa. A gida kuwa ya taɓa cewa makullin ɗakin biyu ne, kuma wannan ya ishi matarsa, Hajiya Rakiya. Ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan biki, har maganar ta zama abin da kowa ya sani a unguwa da kuma tsakanin matan ma'aikata. Shekara biyar bayan haka ciwo ya kwantar da Malam, ya rasu. Ranar ta'aziyya Malam Danlami ya zo, ya tsaya a bakin tabarma, babu wanda ya matsa masa. Ya yi addu'arsa a tsaye ya tafi. Ina cikin waɗanda ba su matsa ba.

Nakan tambayi kaina abin da Malam zai ce in ya ga Bauchin yau. Kududdufan da muke shiga a bayan Tirwun an cike yawancinsu, an yi gidaje masu jan rufi a kai. Da, in aka yi ruwa kukan kwaɗi ba ya barin ka ji sallamar maƙwabci, yanzu sai ka kasa kunne kafin ka ji ɗaya daga nesa. Ina jin da zai tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi masu gidajen ko ruwa ba ya shigar musu ɗaki, don ya sha gaya mini ruwa ba ya manta inda ya taɓa kwana. Ina jin kuma da zai yi mamakin yadda kowa ke zaro waya ya sami amsar tambayar da shi yakan yi wata biyu yana jiran littafinta. Ban sani ba ko zai yi murna da hakan. Shi mutum ne da bai yarda da amsar da ba a auna ba. Abin da na tabbata shi ne da zai gan ni da jakar littattafai ina tafiya aji da furfura a gemu, da ya ce yau ga bawansa zai karanta takardar 'yancinsa da kansa. Ya sha matsa mini in shiga ajin tun yana raye, ina cewa sai bayan girbi.

A wannan ajin ne abin ya tone. Bara, malamarmu, Malama Asabe, ta kawo mu darasin kiwon lafiya a littafin karatu. Ta ce in karanta layin farko. Na bi shi a hankali da yatsa, yana cewa gishiri mai aidin yana hana maƙoƙo. Wata mata ta tambaya yaya gishiri zai hana kumburin wuya. Malama ta ce akwai wani ƙullutu a maƙogwaro da ke yin wani ruwa mai tafiyar da girman jiki, kuma da aidin yake yin sa, shi ya sa ake zuba aidin a gishirin da muke saya. Ta ci gaba da bayani, amma ni na daina ji. Ƙullutu a maƙogwaro. Ruwan da ke ba da umarni. Na ga teburin nan, na ga farin zare, na ga yatsuna biyu. Da aka tashi na kasa tashi, sai da Malama ta tambaye ni ko jiri nake ji. Na ce e, don ban san wane suna zan ba abin ba.

Wata bakwai na yi ban gaya wa kowa ba, kuma wannan ne laifin da ba ni da uzuri a kansa. Na yi ta gaya wa kaina a bar kaza cikin gashinta, mai aikin ya riga ya tafi, tonawa ba za ta dawo da digiri ba. Wani lokaci in ce ai ɗan abin da yatsa biyu ke ɗiba bai isa ya rushe aikin shekara uku ba. Wani lokaci in ce in bai isa ba me ya sa layin da na taɓa ne kaɗai ya rikice? Daga baya na sami limamin masallacinmu bayan la'asar na zayyana masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce abin da na yi cikin rashin sani da kyakkyawar niyya yana sa ran Allah ba zai kama ni da shi ba, amma tun daga ranar da na sani, duk kwanan da Malam Danlami ya ƙara yi da baƙin suna to a littafina ake rubuta shi. Na ce ai ban tabbata gishirin ne ba. Ya ce shi ma bai tabbata ba, kuma ba a tambaye ni tabbas ba, an tambaye ni abin da hannuna ya yi.

Na fara da Hadiza, babbar 'yar Malam, wadda yanzu take koyar da kimiyya a wata sakandare. Na so ta yanke mini hukunci, ko e ko a'a, in san matsayina. Ba ta yi ba. Ta ce aidin ɗin da ke cikin ɗan gishiri kaɗan ne ƙwarai, mai yiwuwa ya taɓa su, mai yiwuwa bai taɓa ba. Ta ce gishirin kansa, ko da babu aidin, yana iya wahalar da halittar da ta saba da ruwa mai daɗi, kanwa kuma ta fi shi. Ta tambaye ni ko gishirin na leda ne ko na awo, don na awo ba lallai ne yana da aidin ba. Na ce wani lokaci wannan, wani lokaci wancan, duk wanda matata ta saya. Ta rufe fuska da tafin hannu na ɗan lokaci. Sannan ta ce: "Baba Buba, na tashi ina jin sunan Malam Danlami kamar sunan maciji. Ba ni za ka gaya wa ba, Umma za ka gaya wa."

Na je ranar Asabar da hantsi. Hajiya Rakiya tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma kamar kullum, ta tambayi iyali. Na faɗi komai tun daga ƙa'idar mahaifina har zuwa darasin Malama Asabe, ban ɗaga kai ba. Da na gama hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Gishiri," ta ce. "Wane irin gishiri?"

Na ce na miya.

Na yi zaton za ta yi kuka ko ta kore ni, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, a hankali kamar tana lissafi da kanta, ta fi shekara goma sha biyar in za ta Gwallameji wurin ƙanwarta sai ta sa mai keke napep ya zagaya don kada ta bi ta ƙofar gidan Malam Danlami. Ta ce akwai ranar da matar Malam Danlami ta gaishe ta a asibiti ta kau da kai. Ta ajiye faifan ta ce: "Ka cuce ni, Buba. Ba don kwaɗin ba. Don abin da na yi da bakina." Na ce haka ne. Ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in je in nemo keke, ni zan raka ta.

Mun sami Malam Danlami a ƙofar gidansa a kan kujerar roba, ya yi ritaya, idonsa ɗaya ya yi hazo. Sai da na faɗi sunana ya gane ni. Hajiya ta gaishe shi a taƙaice ta shige ciki wurin matarsa, ni na durƙusa na sake maimaita labarin. Na zaci zai yi fushi, ko ya ce Allah ya isa, kuma da haƙƙinsa ne. Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce shi duk shekarun nan firji yake zargi. Ya ce a lokacin wuta ba ta zama, janareta kuma sai an ga dama, ya sha buɗe firjin ya ji shi da ɗumi, kuma ya gaya wa Haladu magungunan da yake ajiyewa a ciki ba sa son zafi. Haladu ya ɗauka yana neman kare kansa ne, daga nan shi ma ya yi zuciya ya ja bakinsa. Na ce to in firji ne ai masu ja da shuɗi ya kamata su rikice, ba masu fari ba. Ya ce wannan ma gaskiya ne, kuma shi ma abin ya daɗe yana ɗaure masa kai.

Na tambaye shi kai tsaye ko gishirina ne ya kashe aikin. Ya ce: "Buba, ban sani ba, kuma babu mai iya sani yanzu. Amma ko gishirin bai yi komai ba, shaidan da aka ba wani abu a ɓoye ya daina zama shaida." A ranar na gane abin da Malam Haladu yake nufi da kalmar, bayan shekara kusan ashirin. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe gishirin tun kafin in rufe baki, don ba shi na nufa ba. Amma ya ce ranar ta'aziyyar nan ya ga fuskata a cikin masu zama, kuma wannan sai na ba shi lokaci. Muka zauna muna kallon kekuna suna wucewa har aka kira azahar, matan ba su fito ba. Ban san abin da suka faɗa wa juna a ciki ba, ban kuma tambaya ba. Da Hajiya ta fito ta tsaya ta nemi gafarar Malam Danlami, sannan muka kama hanya.

A hanyar komawa, da muka kusa Ƙofar Wambai, Hajiya ta juyo gare ni. Ta ce ita ta roƙi matar, ta roƙi mijin, amma maganar ba a ɗaki ɗaya ta zuba ta ba. Ta faɗa wa mata da yawa, wasu sun mutu da ita, wasu sun kai ta garuruwan da ba ta sani ba, ba za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Ta ce: "Tunda karatun nan naka ne ya tono, to ya binne. Ka rubuta a jarida da hannunka, ka sa sunanka." Na ce rubutuna bai yi ƙwari ba. Ta ce ya yi ƙwarin da ya karanta gishiri. Ba ta ce ta yafe mini ba, har yau ba ta ce ba. Amma ta ce in gaishe da matata, kuma da Sallah an kawo mana abinci daga gidan kamar yadda aka saba.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Malam Haladu sai in rikice. Digirin bai samu ba. Littattafan awonsa suna cikin akwati a ɗakin Hadiza, ta ce lambobin an rubuta su da tsabta, babu inda ya goge ko ya gyara don su yi daidai da abin da yake so. Da ya ga dama da ya cire kwalaben da suka ƙi, ya miƙa sauran, babu wanda zai sani. Bai yi ba, ya zaɓi ya faɗi a kan gaskiyar abin da rularsa ta nuna. Ya yi zato a zuci, zaton ya raba shi da aboki, kuma ban ɓoye wannan don ina ƙaunarsa ba. Amma bai taɓa rantsewa a kan abin da bai gani ba. Ban san ko da ya ji labarin gishirin zai yi dariya ya ce aikin Fulani ke nan, ko zai juya mini baya ba. Na gwada duka biyun a raina, kowanne ya yi kama da shi. Ba zan sani ba sai ranar da muka haɗu, kuma ina tsoron ranar kamar yadda nake ɗokinta.

Abin da na sani kaɗan ne, shi zan faɗa. Ga duk wanda ya taɓa jin an ce Malam Danlami ya ɓata aikin Malam Haladu don neman matsayi, a makaranta ne ya ji ko a gidan biki, to ya sauke wannan magana, ya kuma gaya wa wanda ya gaya wa. Malam Danlami bai taɓa kwalba ko ɗaya ba. Ni Buba na Tirwun, ni ne na sa hannu a cikinsu, damina uku, kuma ni ne na ambaci sunansa da aka tambaye ni. Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya nema bai samu ba ya zama nauyi a mizaninsa. Malam Danlami kuma Allah ya ba shi tsawon rai da lafiya, ya ji wannan a bakin mutane kamar yadda ya ji wancan.